Tambayi Anti: Wai "galahanga" zagi ne?

Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki raba mana gardama. Yarona shekararsa 4, har yanzu baya magana sai kalma ɗaya biyu, in ka kira sunansa kamar bai ji ba, kuma baya son hayaniya ko kaɗan sai ya toshe kunne yayi ta kuka. Munje asibiti anyi ta dube dube daga ƙarshe likita yace otizim ne. Da na faɗa a gida sai ƙanwar maigidana ta buɗe baki tace au galahanga kenan, wlh Anti har cikin raina naji kalmar, nace kar ta ƙara kiran ɗana da wannan sunan ita kuma tace meye na jin haushi bayan haka ake faɗa a rediyo, har yau bama wata magana sosai. Ni ce na cika zafi ko kuwa zagi ne? Kuma in an tambayeni me ke damunsa me zance? Daga Maman yaro.

Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, Allah ya raya mana shi yayi masa albarka. Ba ki cika zafi ba, amma itama ƙanwar mijin naki ba ƙarya tayi ba, da gaske ne kafafen yaɗa labarai na Hausa suna cewa galahanga in za su yi maganar otizim, to kinga ta samu abin kafa hujja. Sai dai kalmar ta daɗe a bakin mutane kafin ta shiga rediyo, kuma ke kin san yanda ake faɗinta, in mutum ya yi shirme ko ya saki baki yana kallon mutane sai kiji ance ji shi kamar wani galahanga. Kunnenki wannan ya sani shi yasa ya ji zafi.

Matsalata ta biyu da kalmar ma ta fi ta farko, wato ta zama buhun da ake zuba komai a ciki. Mai otizim galahanga, mai lalurar Down galahanga, yaron da ƙwaƙwalwarsa ta samu rauni wajen haihuwa jikinsa ya shanye shima galahanga, mai raunin fahimta galahanga, alhali abubuwa ne daban daban kuma taimakon da kowanne yake buƙata daban ne. Otizim bambanci ne a yanda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun yaro na ƙarami, likitoci suna duba ɓangare biyu, na ɗaya yanda mutum ke mu'amala da sadarwa da jama'a, na biyu maimaita abu ɗaya da son tsari guda kar a canja masa da kuma jin ƙara ko haske ko taɓawa fiye da yanda sauran mutane ke ji, irin toshe kunnen da yaronki ke yi kenan. Wasu suna da raunin fahimta tare da shi, da yawa kuma basu da shi sam, akwai masu digiri akwai likitoci da injiniyoyi a cikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta kusan yaro 1 cikin 100 yana da shi, don haka ba ke kaɗai bace ko kusa. A 1943 wani likita a Amurka mai suna Leo Kanner ya rubuta bayanin yara 11 da ya lura da su, daga nan aka fara ɗaukar abin a matsayin lalura mai zaman kanta, kuma yaron farko a jerin nasa Donald Triplett ya girma yayi karatu yayi aikin banki ya zaga ƙasashe, sai a 2023 ya rasu yana da shekara 89. Yanzu ki faɗa min in aka kira wannan bawan Allah galahanga me aka gaya miki game da shi, babu.

Ni shawarata ki riƙa cewa yana da otizim, shikenan. In ance miki meye kuma hakan sai kiyi bayani a taƙaice, magana tana masa wuya, hayaniya tana damunsa, yana koyo ta hanyarsa. Eh kalmar baƙuwa ce amma ai maleriya da taifod ma baƙi ne kuma ba wanda harshensa ya karye. Amfaninta shine bata zo da wani tsohon zagi a jikinta ba, kuma in kin faɗeta a makaranta ko asibiti an san ainihin abinda kike nufi.

Sannan ki kula da kalmar cuta, don ita tafi saurin zamewa daga baki har a wajen masu kyakkyawar niyya. Cuta abu ne da ake kamuwa da shi a sha magani a warke, otizim kuwa ba'a ɗauka ba ya yaɗuwa, gado yana da babban hannu a ciki, kuma babu maganin da ke cire shi, abinda ake yi shine a taimaki yaro da koyon magana da harkokin yau da kullum da karatu irin wanda ya dace da shi, kuma in an fara da wuri ana ganin cigaba. Amma da zarar kin sa a ranki cuta ce to neman waraka za ki shiga, masu sayar da warakar kuma basa ƙarewa, kuɗi su tafi lokacin da ya kamata yaro yana koyo shima ya tafi. Lalura ta fi dama dama duk da akwai masu otizim ɗin da ita ma basa so, su a ganinsu yanayin halitta ne. Su dolo da gaula da taɓaɓɓe da mahaukaci kam ba sai mun tsaya ba, zagi ne tsagwaronsa. Kuma in wata ta fara miki zancen wai rashin kulawarki ne ya jawo, ki sani Turawa ma sun yi wannan ɓatan a shekarun 1950 da 1960, masana irinsu Bruno Bettelheim suka yi ta ɗora wa uwaye laifi wai sanyin zuciyarsu ne ya sa yaran suka janye, daga baya bincike ya watsar da zancen gaba ɗaya bayan an gama ƙona wa mata rai.

Ƙanwar mijinki kuma ki kirata ku shirya, ki ce mata na san ba da mugunta kika faɗa ba amma bana so, ga sunan da nakeso. Yaron nan zai buƙaci gwaggonsa. In ta cigaba bayan kin gaya mata to a lokacin ne ya zama da gangan.

Anti barka da aiki. Ni ɗalibar koyon aikin malanta ce, ina rubuta furojet akan yara masu otizim, to a intanet naga Turawa suna ta faɗa, wasu sunce dole ka fara ambaton mutum sannan lalurar wasu kuma sunce a'a kace otistik kawai, wato ka siffanta mutumin da otizim ɗin kai tsaye. Malaminmu yace na farkon ne ladabi amma naga masu abin da kansu suna cewa basa so. Wanne zan bi, kuma ya zan faɗa da Hausa?

Ƙanwata malaminku yana faɗin abinda aka koya masa ne kuma asalin abin da niyya mai kyau aka kawo shi. Masu fafutukar haƙƙin nakasassu ne suka ce an daɗe ana kiran mutane da sunan lalurarsu kamar ba mutane ba, don haka a fara cewa mutum tukuna sai lalurar ta biyo baya, likitoci da malamai suka karɓa aka sa a littattafai. Sai kuma masu otizim ɗin da suka girma suka fara magana da bakinsu, ɗaya daga cikinsu Jim Sinclair ya rubuta a 1999 cewa shi baya son wannan salon, hujjarsa itace otizim ba wani abu bane da za'a ware shi daga jikinsa, yana cikin yanda yake gani da ji da tunani, kuma abin da ake ɗauka mummuna ne kawai ake ƙoƙarin nesanta mutum da shi, ba wanda ke jin kunyar a ce masa dogo ko haziƙi. A 2016 an wallafa wani bincike a Birtaniya da aka tambayi mutum sama da 3,000, masu otizim da iyaye da ma'aikata, sai aka ga manya masu otizim da yawa sun fi son otistik, ma'aikata kuma sun fi karkata ga salon malaminku, kuma ba'a samu kalma ɗaya da kowa da kowa ya yarda da ita ba. Wannan na ƙarshen shi nakeso ki riƙe.

Amma fa kar ki ɗauko rigimar nan ki sauke mana a Hausa, nahawun Turanci ne ya haifeta. Mu "mai" ɗinmu ya gama aikin, muna cewa mai haƙuri mai ilimi mai tsawo, muna kuma cewa mai ciwon kai, to in kince mai otizim wanda yake ganin abin jikinsa ne ya samu nasa, wanda yake ganin lalura ce da yake tare da ita shima ya samu. Inda namu ladabin yake shine kalmomin da muke liƙawa a gefe, mai fama da otizim, wanda otizim ya kama, abin tausayi, bawan Allah an jarrabe shi. Wani yana faman da gaske bana musu, amma ba ke za ki yanke masa ba tun kafin ki san shi. A furojet ɗinki ki rubuta yara masu otizim, in Turanci ne kuma ki zaɓi ɗaya ki yi layi biyu a farko kice ga dalilinki, in kuma mutum ne a gabanki kawai ki tambaye shi ya kake so in ce.

Masu buƙata ta musamman kuma, tunda na san za ki ci karo da ita a kowane shafi, ba zagi bace kuma tana da amfani a takardun ofis, ni dai ƙorafina da ita bata faɗin komai, makaho ma yana ciki kurma yana ciki, wani lokacin kuma ana fakewa da ita ne don ana jin nauyin faɗin sunan abin. Kuma kar ki ɗauka akwai kalmar da za ta zauna da tsarkinta har abada. Wasu kalmomin da Turawa ke zagi da su yau masu ma'anar wawa da dolo, a farkon ƙarni na 20 sunaye ne da likitoci ke rubutawa a fayil, aka canja su da wata kalmar itama yara suka maida ta zagi a filin wasa, har sai da Obama ya sa hannu a Dokar Rosa a 2010 aka cireta daga wasu dokokin tarayyar Amurka. In raini yana nan kowace kalma aka kawo zai ɓata ta, shi yasa bana son malamai su tsaya a gyaran baki kawai su bar yaron a bayan aji ba mai kula shi.

Anti ina wuni. Shekarata 27, ina karatu a waje aka min gwaji tun ina saurayi aka ce Asperger gareni, gaskiya ranar naji sanyi don na gane dalilin da yasa nake daban. Yanzu na rubuta haka a Facebook wani yazo yana min faɗa wai sunan ɗan Nazi ne, jam'iyyar Hitler, in daina. Da gaske ne?

Lafiya lau ƙanina. Akwai gaskiya a maganarsa amma faɗan bashi da hurumi. Hans Asperger likitan yara ne a birnin Biyena na ƙasar Ostiriya, a 1944 ya rubuta bayanin wasu yara maza masu magana sosai da kaifin basira a abinda suke so amma mu'amala tana basu wuya. Aikin nasa bai yi wani tashe ba sai da wata likita 'yar Ingila Lorna Wing, wadda itama tana da 'ya mai otizim, ta fito da sunan a 1981, ya shiga kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka a 1994. A 2013 da aka fitar da sabon kundin DSM-5 sai aka cire shi aka haɗe komai a ƙarƙashin otizim, kuma ka lura ba don zancen Nazi aka cire ba, dalilin shine layin da ke tsakanin Asperger da sauran otizim bai fito ba, yaro ɗaya wannan asibitin yace kaza wancan yace kaza. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta bi sahu a nata kundin ICD-11 da ya fara aiki a 2022. Zancen Nazi a 2018 ya fito sosai, lokacin da wani masanin tarihi Herwig Czech ya binciko takardu da suka nuna Asperger, duk da bai yanki katin jam'iyyar ba, ya ba gwamnatinsu haɗin kai har ya tura yara masu nakasa asibitin Spiegelgrund inda aka kashe yara kusan 800. Abin ba daɗin ji, kuma na fahimci wanda yace shi ba zai ƙara ɗaukar sunan mutumin nan ba.

To amma kai sunan da likita ya baka kenan, da shi ka gane kanka, kuma ba kai kaɗai ke riƙe da shi ba, Greta Thunberg 'yar fafutukar yanayi ta Suwidin ma da shi ta bayyana nata. Kana da damar ka cigaba ko ka koma cewa otizim duk ranar da ranka ya kwanta. Abu ɗaya zan ja kunnenka akai, wasu suna riƙe Asperger ne don su ce mu ba irin waɗancan bane, mu masu ƙwaƙwalwa ne. In ka ji hakan a ranka ka bincike shi.

Salam Anti. 'Yata tana da otizim amma tana magana tana zuwa makaranta, duk wanda na gaya wa sai yace ai nata mai sauƙi ne ku gode Allah. Mun gode masa, amma mu muka san abinda muke gani in ta dawo gida. Shin daidai ne a riƙa cewa mai sauƙi da mai tsanani? Daga wani uba.

Malam ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Mai sauƙi a wajen wa, abin tambayar kenan, yawanci in ance mai sauƙi ana nufin bata damun mu ne. Yara da yawa musamman mata suna koyon ɓoye abin, ta kwaikwayi yanda ƙawaye ke dariya ta tilasta wa kanta kallon ido ta danne duk abinda ke damunta tun safe, sai ta shigo gida inda ta yarda da mutane ta fashe, malamai suce lafiyarta lau ku kuma kuna kwana da ita. Daga an liƙa mata mai sauƙi an rufe ƙofar taimako kenan, in ta kasa sai ace iskanci ne ko sangarta. Shi kuma wanda aka liƙa wa mai tsanani sai a daina sa masa rai, ana zancensa a gabansa kamar baya wurin, alhali rashin magana ba rashin fahimta bane, akwai waɗanda basa furta komai amma suna sadarwa da hotuna ko rubutu a waya da kwamfuta, kuma ba kurame bane ba bebaye bane yanda ake ce musu. Shi yasa DSM-5 ya koma auna yawan taimakon da mutum ke buƙata, mataki na 1 yana buƙatar taimako, na 2 taimako mai yawa, na 3 mai yawa sosai, kuma ko wannan yana iya canjawa da shekaru da yanayin da mutum ya samu kansa.

Sai dai ba zan ɓoye maka ɗaya ɓangaren ba. Akwai iyayen da ɗansu ya girma baya iya wanka ko cin abinci da kansa, yana buga kai a bango, ba'a barinsa shi kaɗai dare da rana, su kuma suna cewa in kuka hana mu cewa mai tsanani da wane baki za mu faɗi halin da muke ciki, kuma suna da gaskiya. A 2021 wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet ya kawo shawarar a ware suna na daban ga masu buƙatar kulawa awa 24, iyaye da dama suka yi murna wasu masu otizim kuma suka ce a'a raba mu za'a yi, har yanzu ba'a gama ba. Ni dai ba zan ce wa irin waɗannan iyayen sun yi zagi ba. Kai kuma in an ƙara ce maka mai sauƙi ne, kace Alhamdulillahi tana magana, amma hayaniyar aji tana gajiyar da ita kuma canjin tsari ba shiri yana rikita ta, wannan bayanin malamin aji zai iya aiki da shi.

Anti a gurup ɗinmu na WhatsApp in mutum yayi wauta sai ace kai otistik ne, wasa ne fa ba da wata manufa ba. Laifi ne?

Laifi ne ɗana, ka ɗauki sunan wasu bayin Allah ka maida shi ma'anar wawa, kuma baka san wa ke cikin gurup ɗin yana da ƙani ko ɗa a gida ba. Suratul Hujurat aya ta 11 ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, ba'a ce sai in da manufa ba. Ku nemi wata tsokanar.

Anti jikana ne, iyayensa sun dage sai sun gaya wa makaranta wai yana da otizim har shi ma yaron suna so su gaya masa. Ni kuma nace su rufa masa asiri, suna yana bin mutum har wajen aure. Ko ba gaskiya na faɗa ba? Daga wata kaka.

Mama Allah ya ƙara girma da lafiya, tsoronki a kan hanya yake, mutane suna da baki kuma ba kowa ya kamata a gaya wa ba, ba'a ce a bi gida gida ana sanarwa ba. Amma makaranta daban ce Mama, malamin da bai sani ba zai ga yaro baya kallonsa in yana magana ko ya tashi tsakiyar darasi, zai ce taurin kai ne ya kama hukunta shi akan abinda ba da gangan yake yi ba, 'yan ajin kuma ba jiran izini za su yi ba su raɗa masa nasu sunan wanda ya fi otizim muni nesa ba kusa ba. Shi ma yaron ya riga ya san shi daban ne, abinda bai sani ba shine dalili, in ba'a gaya masa ba sai ya ɗauka shi ne marar kirki ko daƙiƙi, kinji dai abinda saurayin can na sama yace ranar da aka gaya masa sanyi yaji. A bar iyayen su gaya wa shugaban makaranta da malamin ajinsa, su roƙi a riƙe maganar a tsakaninsu, shi kuma a gaya masa kaɗan kaɗan daidai shekarunsa a lokacin da hankalinsa yake kwance ba ranar da yayi laifi ba. In ya girma shi zai zaɓi wanda zai gaya wa da wanda ba zai gaya wa ba, har da wadda zai aura.